Yadda Muka Buɗe wa Injin Turbo Hanyar Numfashi

Motata Passat ce ta 2003, mai injin 1.8T, silinda huɗu da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), 'yar Beljiyam da ta bi ta hannun wani kafin ta iso hannuna. A cikin garin Kaduna lafiya lau take tafiya. Sai na hau titin Zariya na taka ta sosai take nuna halinta. In na tsaya na ɗaga bonet, sai in tarar gejin baƙin mai ya ɗago daga mazauninsa, mai ya fantsama a gefen injin, ga ƙauri yana shigowa har cikin mota. In na sha doguwar tafiya sannan na tsaya a sulo, shuɗin hayaƙi ya dinga fita ta salansa. Baƙin mai kuma yana raguwa, kullum da galan a but.

Gareji na farko suka ce turbo ya mutu. Na biyu suka ce ringin fistin ne, sai an sauke inji. Kowane daga cikin biyun kuɗi ne mai nauyi, kuma babu wanda ya gwada komai kafin ya yanke hukunci, kallon hayaƙin kawai aka yi. Wani abokin aiki ya tura ni wajen wani dattijon makanike da ya daɗe yana aikin motocin Jamus. Baba kowa ke ce masa a garejin, ni ma haka na bi.

Da na gama zayyana masa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, a sulo gejin ke tashi, ko sai ka taka?" Na ce sai na taka. Ya gyaɗa kai, ya sa yaronsa ya kawo safar hannu ta roba irin ta asibiti. Ya cire murfin zuba baƙin mai, ya ɗaura safar a bakin, ya ce in tayar. A sulo sai safar ta lanƙwame, injin yana zuƙarta ciki. Ya ce wannan bai isa shaida ba, domin a tsaye turbo ba ya hura iskar kirki ko an yi ta buga totur. Sai ya ɗauko agogon awo mai nuna zuƙa da matsi duka biyu, ya haɗa dogon siririn tiyo a bututun geji, ya shigo da shi ta taga, muka hau titi yana riƙe da agogon a cinya. Muddin ina tafiya a hankali, allurar tana ƙasan sifili. Ina sa giya ta uku na danne totur, turbo ya fara fito, sai allurar ta tsallake sifili ta haye sama. Ina ɗaga ƙafa ta dawo. Ya ce in juya, ya ga abin da yake nema.

A hanyar komawa ya yi mini bayanin da ya sa na fahimci duk aikin da ya biyo baya. Babu injin da ringinsa ke toshe silinda ɗari bisa ɗari, ko sabo ne fil. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, wani ɗan kaso na iskar ƙunar yakan silale ta gefen ringi ya gangara ƙasa, ɗakin da kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke turawa, ke juyawa a kan baƙin mai. Abin da ke gangarawa ba iska ce zalla ba: akwai feturin da bai ƙone ba, akwai tururin ruwa, domin ƙunar fetur ruwa take haifarwa, akwai kuma toka. In ba a fitar da su ba, suna tsinka baƙin mai, su sa shi tsami, su daskarar da shi. Ga kuma matsi. Tukunya ce a kan wuta aka danne murfinta, tururin sai ya nemi inda ya fi rauni ya ɓulla. A inji, wuraren raunin su ne geji, gasket ɗin murfin sama, da sil ɗin gaba da na bayan kiranshaf, wato robobin da ke tare mai. Injin turbo kuwa ya fi kowa wannan, don ana cusa masa iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa, ƙunar ta fi ƙarfi, abin da ke silalewa ma ya fi yawa.

A injin da ba shi da turbo abin da sauƙi. Manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, kusan kullum zuƙa yake yi, sai a haɗa masa tiyo daga ɗakin kiranshaf ta wani ɗan bawul da ake kira PCV, ya tsotse tururin ya mayar da shi silinda a ƙone. Amma manifol na injin turbo fuska biyu gare shi. A sulo da tafiyar hankali yana zuƙa. Da zarar turbo ya ɗauka, sai ya koma hurawa, a irin injina matsin yakan wuce 8 a ma'aunin matsi na PSI. Shi ya sa aka yi wa injin hanyoyi biyu. Ta farko tana zuwa manifol, da bawul mai hanya ɗaya wanda ke rufewa ruf da zarar hurawa ta fara. Ta biyu tana zagayawa zuwa babban tiyon da ke kai iska bakin turbo, domin a nan ne ake samun 'yar zuƙa a daidai lokacin da manifol ya daina. A bakin wannan hanya ta biyu akwai wani baƙin faifan roba mai tantani a ciki, aikinsa ya hana turbo zuƙa fiye da kima. In ɗaya ta rufe, ɗaya na aiki. Haka aka tsara.

Hasashen Baba shi ne bawul na hanya ta farko ya daina rufewa, turbo yana hura iska kai tsaye cikin ɗakin kiranshaf, hanya ta biyu kuma ta toshe, babu mafita. Na tambaye shi to ina ruwan wannan da hayaƙin salansa. A nan ne na ji abin da ya fi ba ni mamaki. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan baƙin man da famfo ke turo mata da ƙarfi. Amma komawar man ƙasa babu famfo, gangara kawai yake yi ta wani bututu mai faɗi zuwa kwanon mai. Abin da ke tsare man a gefen sandar kuma ba sil na roba ba ne, ƙananan zobban ƙarfe ne irin na fistin. In ɗakin ƙasa ya cika da matsi, man ya kasa gangarawa, sai ya taru a cikin turbo ya tsallake zobban, wani ya bi salansa ya ƙone, wani ya bi hanyar iska ya kwanta a intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji. Mai kallo daga waje zai rantse turbo ya lalace, alhali hanyar komawar mansa aka tare. Ina ganin turbo masu lafiya da yawa an jefar da su a garejinmu saboda wannan, kuma sabon da aka ɗaura shi ma hayaƙin zai yi, tunda ba a taɓa tushen ciwon ba.

Duk da haka Baba bai tsaya a kan hasashe ba. Ya cire fulogai huɗun ya auna matsin kowace silinda. Duka suka fito kusa da juna, babu wadda ta faɗi, ringi bai kai ga mutuwa ba ke nan. Ya zare tiyon bakin turbo ya sa yatsa ya girgiza sandar. Akwai ɗan motsi gefe da gefe, wanda ya ce haka irin wannan turbo yake in babu mai a ciki, amma babu motsi ciki da waje, fukafukan kuma ba su goga bango ba. Ya ce, "Turbonka na nan da ransa, Malam. Ka bar kuɗinka a aljihu."

Wani makanike da ke rumfar kusa ya leƙo, ya kawo shawarar da na san yawancin masu karanta wannan sun taɓa ji: a toshe ramin manifol da noti, a ja dogon tiyo daga murfin sama a sake shi ƙasan mota, iska ta yi ta fita abinta. Babu sayen komai, minti kaɗan an gama. Gaskiya shawarar ba daga sama ta faɗo ba. Kafin shekarun 1960 haka motoci suke, da bututun ƙarfe da ke leƙawa ƙasan inji, an yanke bakinsa a karkace don iskar gudu ta riƙa jan tururin. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara matsa wa masu ƙera motoci su bar wannan daga motocin 1961, saboda hazon hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjeles, zuwa 1963 kuma bawul na PCV ya zama ruwan dare a sabbin motocin ƙasar.

Ban yarda da shawarar ba, kuma har yau ban yarda ba. Tiyon da aka saki ƙasa yana rage matsi, amma ba ya zuƙa. Tururin ruwa da na fetur ba sa fita sai abin da ya tunkuɗo kansa, sauran yana nan yana cin baƙin mai, musamman a cunkoson titin Ahmadu Bello inda mota ke rarrafe babu iskar gudu. 'Yar zuƙar nan da ake so a ɗakin kiranshaf ita ke taimaka wa sil su riƙe mai, ita ke taimaka wa man turbo ya gangara. Sannan inji yana fitar da numfashi yana kuma ɗan ja, buɗaɗɗen tiyo a ƙasan mota lokacin hunturu ƙofa ce aka buɗe wa ƙura ta shiga inda baƙin mai yake. Ga wari da zai riƙa shiga wa iyali a kujerar baya, ga ɗigon mai a kan kwalta inda masu babur ke bi. Baba bai yi dogon musu da maƙwabcinsa ba, ya ce masa kawai, "Wanda ya ƙera ta hanya biyu ya yi mata, mu ma biyun za mu mayar."

Aikin kwancewa ya fi yadda na zata wahala. A wannan injin, numfashin ƙasa yana fitowa ne ta wani lanƙwasasshen bututun roba mai tauri da ke zaune a saman mazaunin matatar mai, can ƙarƙashin manifol, inda hannu ke shiga da ƙyar ido kuma ba ya gani. Kilif ɗaya ke riƙe da shi. Yaron Baba ya zare kilif ɗin, yana taɓa bututun ya ruguje a hannunsa. Fiye da shekara ashirin na zafin inji da zafin ƙasarmu sun mayar da robar busasshiya. Baba ya dakatar da shi nan take, ya sa aka cusa tsumma mai tsabta a ramin, aka tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya da dogon hantsaki, don kada ko ɗaya ya faɗa cikin kwanon mai ya je ya toshe rariyar famfo. Wannan wurin ya ci lokaci fiye da komai, kuma ban ga laifin hakan ba.

Da aka ciro ɗan bawul ɗin, Baba ya goge shi ya miƙo mini ya ce in hura ta kowane gefe. Na hura ta nan iska ta wuce, na juya na hura ta can ta sake wucewa. Lafiyayye ta gefe ɗaya kaɗai zai bari. Hasashe na farko ya tabbata. Sai bututun ƙarfen da ke bi ta bayan inji zuwa ɓangaren turbo. Da aka ɗaga shi ga rana, haske ba ya ratsawa. Daskararren baƙin mai ya cika shi, saura 'yar kafa da tsinken ashana ma ba zai shiga ba. Faifan roban da ke bakin turbo shi ma tantaninsa ya sandare. Baba ya lakato daskararren man a yatsa ya ce wannan aikin mai mai kauri ne da aka bari ya wuce lokacinsa, shekara da shekaru, tun kafin motar ta zo hannuna.

Na nufi kasuwar Panteka da tsofaffin kayan a leda. Shawarata ga duk mai irin wannan aiki ita ce ya tafi da tsohon a hannu, ya duba lambar da ke jikinsa, domin injin 1.8T ya sha sauye-sauye daga shekara zuwa shekara, kuma na Golf da ke kwance a gicciye tiyoyinsa daban da na Passat da ke miƙe. Bawul da faifan sababbi na saya. Na Beljiyam a wannan fanni ba riba ba ne, don roba ce da ta riga ta sha nata shekarun a wata motar. Kafin in biya sai da na hura bawul ɗin a gaban mai shagon. Bututun ƙarfen kuwa ba a saye shi ba, an jiƙa shi a kananzir, aka zura masa waya, aka hure shi da iskar kwamfaresa har ya koma fes.

Abu ɗaya muka ƙara wanda motar ba ta zo da shi ba, shi ne gwangwanin tarar mai a kan hanya ta biyu, tsakanin bututun ƙarfen da faifan. Tururin da ke fitowa daga inji yana ɗauke da feshin mai, kuma a tsohon inji feshin ya fi yawa. In ya bi ta turbo yakan kwanta a intakula ya rage mata sanyaya iska, ya laushe tiyoyi, wanda ya kai silinda kuma yana rage wa fetur juriya har inji ya fara ƙwanƙwasa in an taka. Baba ya gaya mini gaskiya cewa injina zai iya rayuwa babu gwangwanin, domin nozul ɗinsa a bayan bawul ɗin shan iska yake fesa fetur, yana wanke su. Sababbin injuna masu fesawa kai tsaye cikin silinda, irin su TSI, su ne suka fi buƙata, don babu abin da ke wanke nasu bawul ɗin. Na zaɓi a sa duk da haka, saboda ina son in riƙa ganin abin da injin ke fitarwa da idona.

Wani mai walda ya haɗa mana shi da alminiyam, kuma Baba ya tsaya a kansa da sharuɗɗa. Gwangwanin da babu komai a ciki ba ya tare komai, tururi zai shiga ta nan ya fice ta can. Dole bututun shiga ya nutsa ƙasa, a sa faranti mai huji a tsakiya, a cusa soson ƙarfe marar tsatsa mai kaurin zare inda feshin zai manne ya ɗiga, a kuma tsare soson da raga don kada zare ɗaya ya kuɓuce ya faɗa fukafukan turbo. Bakunan shiga da fita kada su gaza faɗin tiyon asali, kusan milimita 19. Ya nanata wannan sosai, ya ce ya sha ganin ƙananan gwangwanaye masu kyan gani da siraran bakuna, an ɗaura su don a rage matsi sun koma su ne ke shaƙe injin. Tiyon ma sai mai jure mai, ba na lagireto ba, wanda baƙin mai ke kumbura shi ya yi laushi ya lanƙwashe. Kuma gwangwanin rufaffe ne, babu wata kafa zuwa waje. Mitar iska tana gaban turbo tana ƙirga duk iskar da ta shiga, kwamfutar mota kuma da wannan lissafin take ba da fetur. Duk iskar da ta saci hanya ta bayan mitar za ta ɓata sulo ta kunna fitilar inji. Muka ɗaure shi a tsaye, nesa da zafin salansa, inda hannu zai kai ga notin zubarwa.

Sauran aikin na share fage ne. An kwance bututun komawar man turbo an tabbatar a buɗe yake, an sa masa sabon gasket. An sauke intakula an zubar da man da ya taru a ciki, an wanke an shanya ta bushe sarai. An canza gasket ɗin murfin sama da bututun geji, wanda shi ma ya tsage. Aka zubar da tsohon baƙin mai, aka sa sabuwar matata, aka zuba 5W-40 na sintetik mai lambar VW 502 00 a jikin galan, maimakon 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota a nan.

Muka sake haɗa agogon a bututun geji muka koma titin da muka yi gwajin farko. A sulo allurar tana ɗan ƙasan sifili, ba zuƙa mai tsanani ba, murfin mai yana ɗaguwa ba tare da kokawa ba. Na sa giya ta uku na danne totur har ƙasa. Allurar ta matso kusa da sifili ta tsaya nan, ba ta haye ba. Motar ma ta fi ɗauka, domin iskar da turbo ke asara ta lalataccen bawul yanzu silinda take zuwa. Hayaƙin bai ɗauke a ranar ba, kuma Baba ya riga ya gargaɗe ni kada in tsorata, man da ya jiƙe cikin salansa sai ya ƙone a hankali. Cikin 'yan kwanaki ya ɗauke gaba ɗaya.

Yanzu duk lokacin da na duba baƙin mai nakan kwance notin gwangwanin in zubar. Lokacin zafi ɗan baƙin mai ne kaɗan. Lokacin sanyi, in gajerun tafiye-tafiye na cikin gari suka yi yawa, abin da ke fitowa ruwa-ruwa ne, ruwan ƙasa-ƙasa, mai warin fetur, kuma ba a mayar da shi inji. Barin gwangwanin ya cika haɗari ne, don turbo zai zuƙe abin da ke ciki gaba ɗaya. Sil ɗin bayan kiranshaf har yanzu yana ɗan gumi, matsin da ya sha a baya ya riga ya taɓa shi, amma ɗigon ya tsaya. Canza shi sai an raba inji da giyabos, don haka muka yi shawara da Baba a bar shi sai ranar da za a canza kuloci, a yi su tare.